Kama da Wane Ba Ta Wane: Nasiha Daga Bindiga Mai Baki Biyu

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, musamman ku da Allah Ya ba hannun sarrafa ƙarfe: yaran maƙera, masu walda, kanikawa da ɗaliban makarantun koyon sana'a. Zancen bindiga zan yi muku yau, amma kada wani ya gyara zama da tunanin ƙira zan koyar. Akwai wani aiki da wasu maƙeran bindiga ke yi a Amurka da Turai, irin wanda mutum kan ci karo da bidiyonsa a waya: su ɗauki bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu su mayar da ita bindigar manyan dawa. A bidiyon minti goma abin ba wuya. An yanka, an huda, an liƙa, an goge, sai ga mai ita yana harbi yana murmushi. Abin da aka ɓoye ya ninka wanda aka nuna, kuma shi nake so mu duba tare, domin duk mai taɓa ƙarfe yana da rabo a cikinsa, ko da ba zai taɓa riƙe bindiga ba har ya koma ga Allah.

Sura ɗaya, aiki daban

In aka jera su biyun a kan tebur, wanda bai sani ba zai rantse abu ɗaya ne. Kowace tana da bututu biyu kwance gefe da gefe, da ƙotar katako, yawanci da kunama biyu, kuma kowace karya ta ake yi a tsakiya a zura harsashi ta baya a rufe. Bambancin yana ciki. Bututun bindigar tsuntsu sumul yake, bangonsa siriri, aikinsa ya watsa ƙananan ƙwayoyin dalma su lulluɓe zabo ko agwagwa a tazarar da ba ta cika wuce mita 40 ba. In saiti ya ɗan kauce, faɗin watsuwar sai ya rufa wa maharbi asiri. Ita kuwa ta manyan dawa, bangon bututunta mai kauri ne, an yi masa tsagi murɗaɗɗe a ciki tun daga gindi har baki, wanda ke jujjuya harsashi guda ɗaya tak ya tafi a miƙe. Harsashin .470 Nitro Express, alal misali, nauyinsa gram 32 ne, yana fita da gudun kimanin mita 650 a daƙiƙa guda. Domin ɓauna da giwa da dorina aka yi shi.

Maƙeran Ingila ne suka kai wannan bindiga inda ta kai. Gidan Westley Richards ya kafu a Birmingham a 1812, na Purdey a Landan a 1814, na Holland & Holland a 1835, shi kuwa gidan Rigby tun 1775 ya fara a Dublin kafin ya koma Landan. A 1898 Rigby ya fito da harsashin .450 Nitro Express, daga nan zamanin manyan bindigogi masu baki biyu ya buɗe sosai. Masu sayensu mafarauta ne da ma'aikatan mulkin mallaka a Indiya da Gabashin Afirka, kuma dalilinsu a fili yake. Wanda ɓauna mai rauni ta taso wa daga cikin doguwar ciyawa ba shi da lokacin jan wani ƙarfe don ɗura harsashi na biyu. Ya harba bututun dama, in bai isa ba ya matsa kunama ta biyu. Kowane bututu da nasa kayan harbin, in ɗaya ya ƙi tashi ɗayan yana nan. Jim Corbett, wanda ya yi suna wajen kashe damisoshin da suka addabi ƙauyukan Kumaon a arewacin Indiya da cin mutane, yana cikin waɗanda suka riƙe irin wannan bindiga.

Sai dai tsada gare ta. Sabuwa daga manyan gidajen Landan kan wuce fam 100,000, mai saye kuma ya yi jiran fiye da shekara, don kusan komai nata da hannu ake yi. A ɗaya gefen ga tsofaffin bindigogin tsuntsu masu baki biyu jibge a waɗannan ƙasashe, farashinsu bai taka kara ya karya ba. Nan tunanin ya samo asali: tunda sura ɗaya ce, me zai hana a cire bututun wannan a sa na waccan? Wani maƙerin Amurka, W. Ellis Brown, har littafi ya rubuta a kan aikin, kuma masana'antar Baikal ta birnin Izhevsk a Rasha ta yi bindigar manyan dawa mai rahusa a kan tsarin bindigarta ta tsuntsu. Ke nan aikin yana yiwuwa. A dunƙule, yanke tsofaffin bututun ake yi a bar gindinsu mai ƙugiyoyin kulle, a dasa sababbi masu tsagi a ciki. Ga wanda ya iya inji, wannan shi ne ɓangare mafi sauƙi, kuma shi masu bidiyo suka fi son nunawa.

Nauyin da ido ba ya gani

Tambayar farko da gwani ke yi ita ce: wannan ƙarfen, nawa aka gina shi ya ɗauka? Matsin da ke tashi cikin bututu idan albarushi ya kama ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar, wanda masu faci suka sani, don tayar ƙaramar mota bar 2 zuwa 2.5 ake ba ta. Hukumar CIP, wadda ke tsara ƙa'idar gwajin bindigogi a ƙasashe da dama, galibinsu na Turai, ta ƙayyade wa harsashin tsuntsu mai lamba 12 na yau da kullum bar 740. Harsashin .45-70 na Amurka, wanda ya fito tun 1873 kuma masu wannan aiki suka fi zaɓa saboda sauƙinsa, iyakarsa bar 2,200. Na .470 Nitro Express bar 2,700. Na Jamus mai suna 9.3x74R bar 3,400. Na .30-06 bar 4,050. Ku dubi tazarar nan da kyau. Mafi sauƙi a cikinsu ya kusa ninka na tsuntsu sau uku.

Su kansu maƙeran Landan tsoron matsi suke yi, ga shi kuwa bindigar da suke ƙerawa tun farko domin wannan aikin aka tsara ta. Albarushi marar hayaƙi da Ingila ta samar a 1889, mai suna kodayit, yana da wani hali: in ya sha rana ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Harsashin da ya yi lafiya a sanyin Landan, in ya wuni cikin zafin Sudan ko Indiya sai ya tashi da matsin da ya wuce kima, kwanso ya liƙe a bututu ya ƙi fita, ga dabba a gaba. Shi ya sa suka yi kwanson Nitro Express dogo mai faɗin ciki don matsin ya sauka, suka yi masa leɓe a gindi don a sami abin kamawa a zaro shi, har ma suna rage albarushin harsashin da za a kai ƙasashe masu zafi. Mutanen da suka fi kowa sanin aikin su ne suka fi kowa barin rata tsakanin abin da ƙarfe zai iya da abin da suke ɗora masa.

Wani zai ce ai sabon bututu mai kauri aka sa, shi zai ɗauki matsin. Gaskiya ne zai ɗauki wanda ke tura bango. Amma wuta ba gefe kaɗai take turawa ba. Yadda take tura harsashi gaba, haka take tura kwanso baya, shi kuma ya daki fuskar ƙarfen tsakiya, wato uwar bindiga, inda bututu ke jingina idan an rufe. Wannan ƙarfen ba a sake shi ba, tsohon ne na tsuntsu. Ƙarfin dukan kuwa ana samunsa ne in an ninka matsi da faɗin cikin kwanso. Kwanson tsuntsu yana da faɗi amma matsinsa kaɗan ne, lissafin sama-sama yana ba da kusan tan 2. Na .470 bai kai shi faɗi ba amma matsinsa ya yi yawa, sai lissafin ya haura tan 3. Wannan duka yana sauka ne cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma duk harbi sai ya sauka.

A bindigar da ake karyawa, wannan dukan ƙoƙarin buɗe ta yake yi. Yana ja a kan ƙusar mahaɗa da bututu ke juyawa a kanta, yana ja a kan ƙugiyoyin kulle, yana lanƙwasa uwar bindiga a daidai kusurwar da fuskarta ta haɗu da shimfiɗarta, inda tsaga ta saba farawa. Tarihin ƙirar bindiga mai baki biyu kusan duka kokawa ce da wannan wuri. Purdey ya fito da sakata mai kama ƙugiya biyu a 1863. William Anson da John Deeley, ma'aikatan Westley Richards, suka fito da tsarinsu na ɓoye kayan harbi cikin uwar bindiga a 1875. W. W. Greener ya shahara da sakata ta uku mai ratsawa ta sama. Kowannensu yana neman yadda mahaɗar nan za ta ci gaba da zama a rufe ne bayan harbi dubu.

Ku zo mu leƙa abin kusa. Gwani ya harba bindigar da aka juya, ya buɗe, ya zaro kwanso. Ba ya jefar da shi. Yana juya gindinsa a haske yana duban ɗan maɓallin da allurar harbi ta buga. A bindigar tsuntsu ramin da allura ke fitowa yana da faɗi, don matsin ba shi da yawa. Da matsin manyan dawa, tagullar maɓallin sai ta kumbura ta koma cikin ramin, ta yi ɗan tudu kewaye da wurin bugun. Idan ya ga wannan tudun ya san saura kaɗan maɓallin ya huje, iska mai zafi ta bi ramin allura ta shiga cikin ƙota, daidai inda fuskar maharbi take. Daga nan ya cire katakon gaba, ya riƙe bindigar yana girgiza ta a hankali yana sauraron ko akwai ɗan motsi tsakanin bututu da uwa, ya ɗaga ta ga haske ko zai ga siririn layin haske a mahaɗar. In ya gani, bindiga ta fara saki. Mai kallon bidiyo ba ya ganin ko ɗaya cikin waɗannan, don ba a harbin farko suke bayyana ba.

Ga kuma nauyi da katako. Bindigar tsuntsu kilo 3 ce ko ɗan sama da haka, an yi ta ne a wuni ana yawo da ita. Ta .470 kan kai kusan kilo 5, kuma da gangan aka yi mata nauyin don ya shanye bugun baya. In aka sa babban harsashi a marar nauyi, wuyan ƙota kan tsage, ko girgizar harbin farko ta saki na biyu su tashi lokaci ɗaya a kafaɗar mutum. Saboda haka masu hankali a cikin wannan sana'a suke ƙin yawancin bindigogin da ake kawo musu. Wadda ta tsufa, wadda aka yi ta tun zamanin baƙin albarushi, wadda ba a san irin ƙarfenta ba, wadda tsatsa ta ci ta ɓoye, duk mayar wa mai ita suke yi. In ma sun karɓa, ƙaramin harsashi suke zaɓa mata. Cewa "wannan ba za ta ɗauka ba" yana cikin gwaninta, kuma wanda bai iya faɗinta ba bai gama koyo ba.

Daidaita baki biyu

A ce an tsallake duk wannan, ƙarfe ya riƙe. Sauran aikin da ya fi cin rai: sa bututu biyu su harbi wuri ɗaya. Mai ƙaramin sani zai ce a jera su a miƙe, shi ke nan. In aka yi haka na dama dama zai tafi, na hagu hagu. Dalili kuwa shi ne kowane bututu yana gefen tsakiyar ƙota. Da an harba na dama, bindiga ta fara karkata dama da sama tun harsashi bai bar bakinta ba, na hagu kuma ya yi akasin haka. Don haka ake ɗan karkato bakunan biyu su fuskanci juna. Yawan karkatarwar ya dogara da nauyin harsashi, da gudunsa, da nauyin bindigar, har da yadda maharbi ke riƙe ta. Babu lissafin da ke ba da amsa kai tsaye. Sai an harba.

Ga yadda mai daidaitawa ke wuni. Bututun biyu suna liƙe da dalma, akwai ɗan weji na ƙarfe tsakaninsu a wajen baki. Ya tsaya a filin gwaji, takarda tana can a mita 50 ko sama da haka. Ya harba dama, cikin 'yan daƙiƙu ya harba hagu, don haka za a yi a daji, kuma in ya yi jinkiri zafin bututu ɗaya zai lanƙwasa ɗayan ya ɓata gwajin. Ya je ya duba ramukan. Sun yi nisa da juna. Ya dawo ya ɗumama dalmar har ta yi laushi, ya ɗan matsa wejin da abin da bai kai kaurin gashi ba, ya jira ƙarfe ya huce, ya sake harbi. Yanzu sun gitta, na dama ya koma hagu. Ya sake ɗumamawa. Wani lokaci a sami gefe da gefe daidai amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai an murɗa. Haka zai yi ta yi, kowane harsashi da tsadarsa, kowane harbi da dukansa a kafaɗa, har ramukan su zauna kusa da juna.

Bayan duk wannan wahala, harsashi iri ɗaya kaɗai bindigar ta sani. In aka ba ta wanda ya fi gudu sai harbin ya gitta, in aka ba ta wanda bai kai ba sai ya ware. Shi ya sa tsofaffin maƙera ke rubuta nauyin harsashi da na albarushi a jikin bindigar. Wanda ya gaji bai ƙarasa wannan mataki ba, abin da ke hannunsa bindigogi biyu ne da aka ɗaure wuri ɗaya, kowace da inda ta nufa, kuma ranar da ɓauna ta taso ba ranar gano haka ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gidan gwaji

Yanzu ga abin da ya fi burge ni a duk wannan tarihi. Maƙeran da suka fi kowa ƙwarewa ba su yarda su zama alƙalan aikin kansu ba. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami takardar izinin sarki a 1637, da ikon gwada bindigogi. A Liège ta Beljiyam an wajabta gwaji tun 1672. A Birmingham kuwa, su maƙeran da kansu ne suka nemi majalisa ta kafa musu gidan gwaji a 1813, da kuɗinsu, kuma yana aiki har yau. Dokar Ingila ta 1868 da waɗanda suka biyo bayanta sun mai da sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji laifi. A 1914 aka kafa CIP don ƙasashe su riƙa amincewa da hatimin juna.

A gidan gwaji ana fara duba bindiga da ido da ma'auni. Sannan a kai ta ɗaki mai katanga mai kauri, a ɗura mata harsashi na musamman wanda matsinsa ya fi na aiki, kashi 25 cikin ɗari ga irin waɗannan bindigogi a ƙa'idar CIP, a harba sau biyu a kowane bututu ba tare da kowa yana riƙe da ita ba. A sake dubawa. In babu kumburi, babu tsaga, babu saki, sai a buga hatimi a ƙarƙashin bututu da jikin uwar bindiga. In ta faɗi, a mayar wa mai ita ba hatimi, ko da sunansa ya cika duniya. Kuma duk bindigar da aka yi wa babban sauyi, tsohon hatiminta ya mutu, dole ta koma layi kamar sabuwa. Wadda aka dasa wa bututu ana buga mata alamar da ke shaida hakan, don kada a sayar wa wani ita a matsayin wadda ba a taɓa ba.

A Amurka doka ba ta tilasta wannan gwaji, amma masu hankalinsu suna yi wa kansu: su ɗaure bindigar a jikin taya, su ɗaura dogon zare a kunama, su laɓe bayan wani abu sannan su ja. Mutumin da ya shafe watanni yana aikin da hannunsa, shi ne ya laɓe. Ba raina aikinsa ya yi ba. Ya san ƙarfe ba ya jin roƙo, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu nan Afirka ta Yamma mun ɗanɗani abin da rashin gwaji ke jawowa. A zamanin cinikin bayi, Birmingham da wasu garuruwan Turai sun yi ta ƙera bindigogi masu araha domin kasuwar gaɓar tekunmu, da yawansu da ƙarfe marar kyau, suna fashewa a hannun masu su. Irin waɗannan ne kakannin bindigar toka da maƙeranmu suka koyi yi. Ita bindigar toka da baƙin albarushi take aiki, mai ƙaramin matsi, amma duk da haka ku tambayi tsofaffin mafarauta da 'yan bindigar sarki yadda ake rasa yatsu idan an cika ɗuri ko bututu ya gaji. To ina ga wanda zai ɗauki bututun famfo ya ce zai gyara shi ya ci harsashin zamani? Kuskure ɗaya ne da na mai juya bindigar tsuntsu ba ilimi, sai dai nasa ya fi muni, don shi ko lambar matsin bai taɓa ji ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Doka

Ko da hannu ya iya, akwai hukuma. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi-kashi. Akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na farauta da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, akwai irin su bindigar toka da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. Ƙira da haɗawa da gyara ba tare da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari na shekaru. Lasisi kuma na bindiga ce takamaimai, mai lamba da siffa. In ka sauya ta, abin da ke hannunka ba shi ne a takarda ba. A halin da ƙasarmu take ciki, ku ƙara da wannan: maƙerin da ya yi wa baƙo aikin bindiga bai san ƙauyen da za a kwana ana kuka saboda ita ba, kuma yana da kamasho a alhakin.

Kada ku ɗauka bin doka gazawa ce ga mai fasaha. A 1907 hukumomin mulkin mallaka na Ingila suka hana shigar da harsashi mai faɗin .450 cikin Indiya da Sudan, don tsoron kada ya faɗa hannun masu yi musu tawaye. Wannan shi ne harsashin da kasuwar manyan gidajen Landan ta dogara a kai. Ba su bi ta bayan gida ba. Suka koma teburin zane: Holland & Holland ya fito da .465, Westley Richards da .476, shi kuma .470 na gidan Joseph Lang ya zama wanda ya fi duka karɓuwa har yau.

Abin da za ku ɗauka zuwa shago

Yawancinku ba bindiga za a kawo muku ba. Za a kawo tsohuwar tukunyar gas a ce a mai da ita tankin iska. Za a kawo motar da aka yi don tan biyar a ce a ƙara mata bodi ta ɗauki goma. Za a kawo ginin da aka yi wa harsashin bene ɗaya a ce a ɗora na uku, ko waya siririya a ce a ja ta zuwa injin niƙa. Kullum hujjar ɗaya ce: ai iri ɗaya ne, kuma zai fi araha. Araha kuwa ba ta ado.

Kafin ku taɓa, ku nemi lamba. Nawa aka gina abin ya ɗauka, nawa ake so a ɗora masa? In ba ku san amsar ba, ku tambayi wanda ya sani, in shi ma bai sani ba, ku bar aikin. Ku duba ɓangaren da ba za a sake ba, don nauyin sabon aiki a kan tsohon ƙarfe yake sauka, kuma can ne ido ba ya zuwa. Ku koyi awo na gaske, da ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ku daina dogara da "ido na ya ce". Kada ku raina matakin ƙarshe mai gajiyarwa, na gwadawa da gyarawa da sake gwadawa, don shi ne ya raba gwani da mai kwaikwayo. Ku ba wani ya duba aikinku, maigidanku ne ko abokin sana'a da ba ya jin kunyarku, kuma ku gwada abu a inda in ya fashe ba zai sami kowa ba. In kun sauya wani abu, ku gaya wa mai saye. In an kawo aikin da doka ta hana ko ƙarfe ba zai ɗauka ba, ku ce a'a da bakinku, ko da kuɗin ya yi muku kyau, ko da mai shi zai ce wane na can layin baya zai yi.

Wanda a cikinku Allah Ya sa wa son wannan fanni har zuciya, hanya a buɗe take ta ƙofar gaba. A karanci ilimin ƙarfe da na injiniyan inji a kwalejojin fasaha da jami'o'i. Masana'antar kayan tsaro ta ƙasa, DICON, tana Kaduna tun 1964, kuma rundunonin soja da 'yan sanda suna da masu gyaran makamai da aka horar aka ba izini. Hannun da ya iya daidaita ƙarfe biyu zuwa kaurin gashi ba zai rasa aiki ba, ko a injin casar shinkafa ne ko a famfon ban ruwa, kuma ƙasar nan tana neman irin wannan hannun ido rufe.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ba ku haƙurin koyo a gaban manya, Ya tsare hannuwanku daga aikin da zai cuci wani.